Kafin ka kai yaro koyon gyaran mota: yadda ake tantance cibiyar horo a Maraɗi

Duk uban da ɗansa ya ce kanikanci yake so, hanya biyu ce a gabansa a garin nan. Ko ya kama hannun yaron ya kai shi gareji, ya danƙa shi ga maigida ya zama aparanti kamar yadda aka saba tun zamanin Peugeot 504, ko ya kai shi ɗaya daga cikin cibiyoyin koyar da sana'a, ta gwamnati ko mai zaman kanta, inda ake haɗa aji da aikin hannu a ba da takarda a ƙarshe. Gareji kowa ya san yadda ake auna shi: a dubi halin maigidan, a dubi motocin da ke jiran layi a ƙofarsa. Cibiya ce ke rikita iyaye, domin abin da ido ke fara gani shi ne allo mai sabon fenti da ɗalibai cikin riguna iri ɗaya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna ko yaron zai fito da sana'a a hannu.

A ganina dalili ɗaya ne zai sa a fifita cibiya a kan gareji, wato ta koya wa yaro gano ciwon mota ta hanyar awo kafin ya kwance wani abu ko ya tura mai mota kasuwa sayen kaya. Cire taya, canza birki, juyen baƙin mai, waɗannan yaron gareji yana ƙwarewa a kansu cikin watanni. Abin da ya yi ƙaranci a garejinmu shi ne sanin dalili. Motocin ma sun canza: tun 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da ake sayarwa a Amurka ta zo da tsarin binciken kai na OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na gazuwal. Ke nan Corolla mai shekara ashirin da ke yawo tsakanin unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo tana da kwamfuta a cikinta, da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Duk matakan da ke tafe suna komawa ne ga tambaya guda: wannan cibiyar tana fitar da wanda zai iya tsayawa gaban irin wannan motar ya auna ya gano, ko wanda zai yi ta canza kaya har Allah ya sa a dace?

Fara da takarda

Matakin farko a ofis ake yin sa, kuma ba ya cin lokaci. Makarantun sana'a na gwamnati a Nijar hawa-hawa ne: akwai cibiyoyin CFM a ƙananan hukumomi, akwai kwalejojin fasaha na CET, akwai cibiyoyin horon sana'a da fasaha na CFPT, akwai kuma lise ta fasaha irin Ɗan Kasawa ta nan Maraɗi. Ba kowace ce ke da sashen gyaran mota ba, kuma ba takarda ɗaya suke bayarwa ba. Saboda haka ka fara tambaya: wace takarda yaron zai fita da ita? CAP da BEP difloma ne na ƙasa, gwamnati ke shirya jarrabawarsu, su ne kuma ake nema idan an zo gasar ɗaukar aiki ko ci gaba da karatu. Atestasiyo kuwa shaida ce da shugaban cibiya ya sa wa hannu cewa wane ya halarci horo. Ga gajeren horo na wata uku ko shida ita ce daidai, amma wanda ya biya kuɗin shekara biyu yana sa ran difloma ya tashi da atestasiyo an cuce shi.

Idan cibiyar mai zaman kanta ce, ka nemi ganin takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar da ke kula da koyar da sana'o'i, ka duba ko gyaran mota yana cikin fannonin da aka ba ta izini. Yana yiwuwa izinin na ɗinki ne ko na kwamfuta, aka ƙara kanikanci daga baya saboda ana nema. In ka yi shakka, ofishin ma'aikatar na jiha yana nan cikin gari, ka je ka tambaya. Daga nan ka nemi alƙaluma uku, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba: "Malam, ajin da ya fita bara, su nawa suka fara tare? Nawa kuka kai jarrabawa? Nawa suka ci?" Na farkon ne ya fi muhimmanci. Cibiya tana iya cewa duk waɗanda ta gabatar sun ci, alhali rabin ajin sun watse tun shekarar farko. Yaran da suka gudu suna da dalili, kuma sau da yawa dalilin shi ne sun gaji da zaman aji ba su taɓa injin ba.

Ranar zuwa, da abokin tafiya

A nan iyaye da yawa ke yin kuskure. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, sai uba ya je duba cibiya a Satumba, lokacin da babu ɗalibi ko ɗaya, an share atiliye, wato ɗakin aikin hannu, an jera kaya. Ranar da babu aiki ba za ka ga komai ba. Ka je tun shekarar karatu da ta gabata, tsakanin Janairu da Mayu, ranar aiki da hantsi, ba tare da ka sa rana da kowa ba. Ka yi sallama a ofis, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a bar ka ka ga ɗalibai suna aiki. Cibiyar da ta yarda da kanta murna za ta yi. Wadda ta ce sai ka dawo ranar da aka shirya, ka riƙe wannan a ranka.

Kada ka je kai kaɗai idan ba sana'arka ba ce. Ka ɗauki bakaniken da ka amince da shi, wanda ke gyara maka mota ko babur, ka biya shi ladan wuninsa. Abin da zai gani cikin minti goma kai ba za ka gan shi a mako ba. Ka dai zaɓi mai adalci, domin akwai tsofaffin hannu da suka riga suka yanke cewa duk ɗan lakwal bai iya komai ba.

Da kun shiga atiliye, ka ƙirga abu biyu: ɗaliban da ke ciki, da injinan da ake aiki a kansu. Injin ɗaya ba ya ɗaukar hannu fiye da na mutum huɗu, in an matsa biyar. Idan ka ga yara talatin sun kewaye injin guda, biyu na kwancewa sauran na leƙe ta kafaɗa, to waɗannan biyun ne ke koyo, kuma galibi kullum su ne. Sai ka tambaya: cikin injinan nan wanne ke tashi? Akwai bambanci babba tsakanin mataccen injin da ake kwancewa a mayar don sanin sunayen sassa, da injin mai rai da ake ɗaurewa a tayar. Mataccen yana da amfani a watannin farko. Amma ko an juya ringi, ko an saɓa taimin, ko an bar noti a kwance, ba zai nuna ba, tunda ba wanda zai murza makulli. Yaro ba ya sanin ya yi kuskure sai injin ya ƙi tashi a hannunsa. Ka roƙi a tayar muku da ɗaya. Idan aka ce babu batir, ko babu mai, ko makullin yana wurin wanda ya yi tafiya, ka gane yaran ma haka ake ce musu.

Sannan ka dubi zamanin injinan. Injin kafireto yana da kyau don fahimtar tushe, kuma har yanzu akwai tsofaffin motoci da ke zirga-zirgar kasuwannin ƙauye ta hanyar Dakoro da Mayahi, ga babura da adaidaita da janareto. Haka tsohon injin gazuwal mai famfon inji, irin 1HZ na Land Cruiser ko 5L na Hiace da Hilux, dole yaro ya san shi, domin su ke ɗauke da lodin ƙasar nan. Amma in a nan cibiyar ta tsaya, ta tsaya a baya. Ya kamata a samu aƙalla mota ɗaya cikakkiya mai injekta da kwamfuta, wadda wayarinta ke aiki, wadda malami zai iya cire mata waya ko ya toshe wani abu ya ce wa ɗalibai su nemo. Ba sai mai kyau ba. Tsohuwar mota da ta yi haɗari jikinta ya lotse amma injinta da wayarinta na lafiya ta isa.

Kayan aiki kuwa, kada tulin sifana da guduma su burge ka, kowane gareji yana da su. Kayan awo za ka nema: mitar auna wuta, ma'aunin matsin silinda, ma'aunin matsin mai, siraran ƙarafan auna tazarar bawul da bakin buji, ma'aunin kauri mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da sikana ta karanta kwamfutar mota. Ka lura da inda suke. Idan sikana tana kulle a durowar darakta cikin ledarta, ta baƙi ce. Kayan da ake koyarwa da su suna da tabon baƙin mai, kuma akwai littafin da ɗalibi ke sa hannu in ya ɗauka. Mitar wuta ba ta da tsada, don haka babu uzurin a ce guda ɗaya ce ga aji duka.

Yi magana da ɗaliban shekarar ƙarshe

Wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma a nan abokin tafiyarka zai yi maka rana. Ka nemi izinin malami, sannan ku zaɓi ɗalibi da kanku, kada ku bari a zaɓo muku gwarzon aji. Ku ɗauki biyu ko uku daga tsakiya. Ba jarrabawa za ku yi musu ba, hira ce: "Samari, ga mota an kawo muku, an murza makulli ta yi ƙas ta yi shiru. Me za ku fara yi?"

Wanda aka koya wa haddar sunaye zai ce batir ne, a canza, ko kuwa sitata ce. Wanda aka koya wa aiki zai ce a ba shi mita. Ya san cikakken batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, ya san idan ana tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 ba, ya san idan injin na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba cajin ne ke da matsala. Zai duba kan batir ko ya yi gishiri, ya duba wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Batura nawa aka saya a garin nan alhali kan batir ne kawai ya saki? Ko yaron bai kawo alƙaluman daidai ba, in dai hannunsa ya fara nufar mita, ana kan hanya.

Tambaya ta biyu ta ƙasarmu ce, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40: mota tana zafi, me za a yi? Amsar da aka gada ita ce a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye. Idan ɗalibin shekarar ƙarshe ya ba ka wannan amsar, to cibiyar ba ta ƙara masa komai a kan abin da zai ji a bakin titi ba. Tamostat shi ke riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In an cire shi, da sanyin safiyar hunturu injin ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara mai tana zaton har yanzu a sanyaye yake, mota ta riƙa shan mai, silinda na ci. A wasu injinan ma cire shi yana barin ruwa ya riƙa kewayawa ta gajeriyar hanya bai bi ta lagireto ba, zafin ya ƙaru. Ɗalibin kirki zai lissafo inda ciwon ke ɓuya: lagireto da ya toshe saboda ruwan rijiya ko na famfo da ake ɗura masa, murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, fankar da ba ta tashi a kan lokaci, famfon ruwa da ya cinye, ko gasket da ya ƙone. Zai kuma faɗi yadda ake gwada kowanne, tamostat ɗin ma a saka shi a ruwan zafi a ga ko yana buɗewa.

Ta uku a kan sikana. Yanzu ta yawaita, har a waya ana haɗa ta, kuma ta zo da tata fitinar: a jona, a karanta lamba, a ce wa mai mota ya sayo abin da sunansa ya fito. Sikana unguwar da matsala take kawai take faɗa maka, ba ta kai ka ƙofar gidan. Ka ce wa ɗalibin ta nuna P0301. Ya kamata ya san silinda ta ɗaya ce ke fashin wuta. To sai me? Amsa mai kyau ita ce a ɗauke kwayil ɗin silinda ta ɗaya, wato abin da ke ba buji wuta, a musanya da na ta biyu, a goge lambar, a sake tayarwa. Idan ta koma P0302, kwayil ne ya tafi da ciwonsa. Idan ta tsaya a inda take, a duba buji, a duba injekta, a auna matsin silinda. Ba a kashe ko dala ba an rage zato. Haka P0171, wadda ke nufin iska ta yi wa mai yawa: tana iya zama tiyo ne ya tsage yana shan iska, ko ƙurar hunturu ta rufe na'urar auna iska, ko famfon mai ya yi rauni, ko matatar mai ta toshe da dattin man kwalba. Wanda ya ce a canza sensa kawai, wato na'urar awon, lambar ya karanta, motar bai duba ta ba.

In akwai injin a buɗe, abokinka ya tambayi yadda ake ɗaure kan silinda. Ana farawa ne daga tsakiya a fita waje, hawa-hawa, da sifana mai awo, bisa adadin da littafin injin ya faɗa. Kan silinda na alminiyam ba ya yafe ɗaurin ƙarfin damtse da dogon bututu, lanƙwashewa yake yi, bayan wata biyu gasket ya sake ƙonewa mai mota ya ce an sa masa jabu. Daga wannan tambayar za ka san ko yaran sun taɓa buɗe littafin bayanin injin, ko an nuna musu yadda ake neman adadin a kwamfuta. Bakaniken da ya iya nemo adadi ba ya tsoron motar da bai taɓa gani ba.

Malamai, jadawali da harshe

Malamin kanikanci iri biyu ne ke ba da matsala. Akwai mai takarda da bai taɓa zama gareji ba, yana zana zagayen injin mai bugu huɗu a allo tsaf amma ba ya son rigarsa ta ɓaci. Akwai kuma tsohon hannu da ya iya aiki amma ba ya iya faɗin dalili, abin da zai ce shi ne haka muka taras. Wanda ake nema shi ne mai duka biyun, in ba a samu ba a ce cibiyar tana da ɗaya daga kowane ɓangare suna aiki tare. Ka tambayi malamin inda ya yi aiki kafin koyarwa, da yaushe rabonsa da zuwa ƙarin horo. Ka tambaya ko na dindindin ne ko ɗan kwantiragi, domin sashen da malaminsa ke canzawa duk shekara kullum daga babin farko yake farawa. Idan ka ji malamin yana da garejinsa a gari, wannan alheri ne muddin yana zuwa aji, kuma ɗalibai za su gaya maka gaskiyar hakan in ka tambaye su a waje.

Ka nemi jadawalin mako. A sana'ar hannu, in lokacin atiliye bai kai rabi ba, akwai gyara. Amma jadawalin bango daban, abin da ke faruwa daban, saboda haka ka tambayi ɗalibi abin da ya taɓa da hannunsa a makon jiya. Ka kuma tambayi wanda ke sayen kayan da ke ƙarewa: fetur, baƙin mai, gasket, waya, fis. Cibiyoyi da dama sun sami injina da kayan aiki ta hanyar tallafi, amma babu kuɗin man da za a tayar da su, sai kayan su zama na kallo. Haka batun wuta: in an ɗauke, aiki tsayawa yake ko akwai janareto ko sola?

Lissafi da Faransanci da ke cikin jadawalin kada ka raina su. Littattafan injina da zanen wayarin mota da Faransanci ko Turanci suke zuwa. Sai dai yaron da ya bar makaranta da wuri ba zai fahimci aikin bawul da Faransanci zalla ba, malamin kirki yana bayani da Hausa sannan ya ba shi sunan a rubuce. Kuma bakaniken Maraɗi da baki biyu yake aiki: kayan gyara da yawa daga Katsina da Kano suke zuwa, wanda ya san buji da ambireyaji dole ya san fulogi da kuloci, in ba haka ba a aiko masa da abin da bai nema ba.

Tsaron rai

Wannan ba a sassauci a kansa. In ka ga yaro a ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, babu ƙafafun ƙarfe na tallafi, ka ɗauki ɗanka ku tafi. Ka duba ko akwai tukunyar kashe gobara da ba ta wuce wa'adinta ba, da akwatin magani, da ruwa da sabulu. Ka lura ko ana zuƙo fetur da baki, ko ana wanke hannu da shi, ko ana tayar da injin a ɗaki rufe, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Sababbin injinan gazuwal, irin D-4D na Hilux, matsin man da ke bututunsu yana iya haura bar 1,500 a ma'aunin matsi. Tsohuwar dabarar sassauta bututun injekta injin na aiki, ko laluben yoyo da yatsa, a kan irin wannan injin tana iya huda fata man ya shige cikin nama. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Prius kuwa, wayoyinsu masu ruwan lemo suna ɗauke da fiye da volt 200. Ko cibiyar ba ta da irin waɗannan motocin, wajibi ne ɗalibi ya fita ya san inda ba a sa hannu. Idan ɗiya ce za ka kai, kuma mata suna shiga sana'ar nan, ka ƙara duba makewayi da wurin canza kaya, ka tambayi garejin da ake tura su sitaji, wato koyon aiki na ɗan lokaci a waje.

Sitaji da waɗanda suka fita

Cibiya komai kyanta ba ta da mai mota da ke tsaye a kanka yana sauri, ba ta da notin da ya yi tsatsa shekara goma. Sitaji ke ba da wannan. Ka tambaya: cibiya ce ke nemo wa ɗalibi wuri ko cewa ake ya je ya nema? Wata nawa ne? Malami yana zuwa duba shi a can? Akwai littafin da maigidan gareji ke rubuta abin da yaron ya yi? Sitajin da babu mai bibiya yakan ƙare a wankin kaya da aiken sayen abinci. Ka tambaya kuma ko cibiyar tana da hulɗa da asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a da koyon aiki, ko da ƙungiyar kanikawa ta gari. Wannan ba hujjar inganci ba ce ita kaɗai, amma alama ce cewa wasu daga waje suna leƙa aikinta.

Sai ka karɓi sunan gareji biyu ko uku da ke karɓar ɗalibansu, ka taka da ƙafarka. Bayan gaisuwa ka ce: "Maigida, yaran cibiya kaza da ake turo maka, yaya kake ganin hannunsu? Akwai wanda ka riƙe bayan ya gama?" Tambaya ta biyun ita ce ma'auni. Yabo kowa na iya yi don kunya, amma ba mai riƙe yaron da ba ya amfanar sa. In ka ji ya ce da farko hannunsu da nauyi amma in aka kawo matsalar wuta su yake kira, ka samu cibiya. Haka ka nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da suka fita shekara biyu ko uku da suka wuce, ba waɗanda ofis ya ba ka kaɗai ba, ka tambayi kowannensu ina sauran ƴan ajinsa suke. Idan mafi yawansu suna kabu-kabu ko tireda, sana'ar ba ta zauna a hannunsu ba. Ka tambaye su abin da suka taras a gareji wanda ba a taɓa nuna musu ba. Amsarsu ita ce jerin giɓin cibiyar.

Kuɗi, da yanke shawara

A rubuta maka kuɗin duka a takarda: rajista, kuɗin shekara, rigar aiki, takalmi, kuɗin kayan atiliye, kuɗin jarrabawa, da ko yaro ne zai zo da akwatin sifanunsa. Ka ƙara da kuɗin zuwa da dawowa, wanda yake da nauyi ga mai zuwa daga Tibiri ko Madarumfa, da abincin rana. Ka tambaya ko ana biya kashi-kashi, kuma kada ka biya shekara gaba ɗaya tun ranar farko in akwai hali.

Da wuya ka sami cibiyar da ta cika duk abin da na lissafa, don haka ka san abin da ake haƙuri da shi. Tsohon gini, rashin na'urar ɗaga mota in akwai rami, sikana guda ɗaya, ƙarancin littattafai, duk ana iya zama da su. Uku ne ba na ba da shawarar a yi haƙuri da su: babu injin da ke tashi, ɗaliban ƙarshe ba su iya riƙe mita ba, ko ana wasa da tsaron rai. Idan cibiyar tana da malami nagari da takardar ƙasa amma aikin hannunta ya yi kaɗan, akwai mafita: ka nema wa yaron gareji kusa da gida, ya riƙa zuwa da yamma da ranar Asabar da lokacin hutu. Ka yi wa maigidan bayani tun farko cewa ɗan makaranta ne, ka kuma ja kunnen yaron kada ya je yana gyara wa manya magana da abin da ya ji a aji. Ya yi aiki, ya kalla, ya kai tambayarsa wurin malami.

Bayan an shiga, tantancewa ba ta ƙare ba. Ka saya masa ƙaramar mitar wuta tasa ta kansa. In wata uku na farko sun cika, ka buɗe masa gaban motarka ko ta maƙwabci, ka ce ya nuna maka sassan da sunayensu, ya auna batir injin a kashe da kuma a kunne, ya faɗa maka abin da alƙaluman ke nufi. Ka duba littafinsa ka tambaye shi sau nawa ya shiga atiliye a watan. Idan har lokacin bai kwance komai da hannunsa ba, ka je wurin darakta tare da wasu iyayen ku tambayi ranar da za a fara, ku riƙe ranar. In ta wuce ba a fara ba, ka dakatar da biyan kashi na biyu, ka nema masa wani wurin tun shekarar ba ta yi nisa ba.